MU SAN GARURUWANMU: Galmi, ƙauyen da albasa ta tara ma jama'a

Kamar yadda muka saba a wannan fili, muna ɗaukar gari guda mu duba inda ya fito, da mutanen da ke cikinsa, da abin da ke ciyar da su. Yau Galmi za mu.

Sunan Galmi ya fi garin Galmi girma. Ka je kasuwar Abijan, ko Akara, ko Kumasi, ko Kwatano, ka ce Galmi. Mai kayan miya zai nuna maka albasa. Da yawansu ba su san gari ne ba, suna tsammani sunan albasar ke nan. To, gari ne, da masallatansa da rijiyoyinsa da maƙabartarsa. Kuma har yanzu akwai tsofaffin da suka san shi yana ɗan ƙauye.

Galmi tana bisa babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. In ka bar Birnin Ƙonni ka yi gabas, za ka wuce Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu. Ka wuce Malbaza mai gidan siminti, ka wuce Dogarawa, sai ga ka Galmi. Tafiyar kamar kilomita 50 ce. In ka ƙara gaba, sai Madawa. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Dogarawa. A da ana lissafa shi cikin ƙasar Ƙonni. A shekarar 2011 aka mai da Malbaza gunduma mai cin gashin kanta, Galmi ta koma ƙarƙashinta. Kada a haɗa ta da Galma ta ƙasar Madawa. Sunayen sun yi kama, amma gari biyu ne.

Abin da ya zaunar da mutane a nan, ruwa ne. Wanda ya san ƙasar Adar ya san yadda take. Bisa tudu dutse ne da fako, ruwan sama ba ya tsayawa. Gangara yake yi, ya bi koramu, ya zuba cikin kwari. Nan cikin kwarin ƙasa take da laka, kuma ruwan rijiya bai da nisa. Babban kwarin wannan yanki shi ne Magiya, wadda ke bi ta ƙasar Ƙonni ta je ta zube a tabkin Kalmalo cikin Najeriya. Duk inda ka ga tsohon gari a nan, duba kusa da shi, za ka ga fadama.

Kuma ƙasar tana da tarihi babba, ko da ƴaƴanmu da yawa ba su sani ba. Kusa da Galmi akwai wani ƙauye da ake kira Maratta. Nan aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754. Kakanninsa Toronkawa sun daɗe zaune a ƙasar Ƙonni kafin haihuwarsa. Yana yaro iyayensa suka koma Dagel da shi. A 1804 ya yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke tsakaninsa da Yunfa Sarkin Gobir, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Daga nan talakan wannan yanki ya zauna tsakanin manya. Ga Sakkwato a kudu, ga Gobirawa a gabas, ga Sarkin Adar a arewa, ga kuma Abzinawa da raƙumansu. Wanda ya yi ƙarfi shi ke karɓar hatsi.

Sa'an nan Nasara ya zo. A watan Mayu na 1899 sojan Faransa ƙarƙashin Vule da Shanwan suka faɗa ma Birnin Ƙonni. Suka kashe mutane masu yawan gaske, suka ƙone gari. Abin mamaki, a wannan lokaci ƙasar ba ta Faransa ba ce a takarda. A 1898 Ingila da Faransa sun zauna sun zana layi kewaye da Sakkwato, nisan kamar kilomita 160. Duk abin da ke cikin layin na Ingila ne, kuma Ƙonni da Galmi suna ciki. Sai Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. Suka koma suka roƙa, aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, aka turo iyaka kudu. Da ba a sake wannan layi ba, da yau Galmi tana Najeriya. Ba wanda ya tambayi mutanen gari, balle ya ji ta bakinsu. Ku riƙe wannan zance na iyaka, za mu komo gare shi.

Abin da ya fara kawo baƙi Galmi ba albasa ba ce. Asibiti ne. A shekarar 1950 ƴan mishan na ƙungiyar SIM suka buɗe asibiti a bakin garin, da wani likita Ba'amurke mai suna Burt Long. A wannan zamani, wanda ke bukatar fiɗa a ƙasar nan sai ya yi doguwar tafiya, in ma ya kai da rai. Labari ya bazu. Mutane suka riƙa zuwa bisa jakai da raƙuma da amalanke, daga Adar, daga Gobir, daga Abzin, har daga Najeriya. Asibitin ya girma har gadajensa suka haura 100.

To, kun san mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da mai jinya. Mai jinya yana son masauki, yana son tuwo, yana son itace da ruwa. Sai mata suka fara sayar da abinci. Mahauta suka kafa tukuba. Masu gidaje suka ba da ɗakuna. Wani ya zo jinyar wata guda, ya ga wurin ya karɓe shi, ya nemi fili ya yi gida. Wasu suka sami aikin asibiti, ƴaƴansu suka shiga lakwal. Haka aka sami ƴan tsirarun Kirista a gari, suna zaune tare da Musulmi masu rinjaye, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya. Yau in ka zaga Galmi za ka ji Hausar Gobir da ta Adar da ta Ƙonni, ka ji Fulatanci, ka ji Buzanci.

Albasa kuwa, tun kaka da kakanni ana nomanta a fadamun nan. Da guga da ƙwarya ake ban ruwa, ƴan fangaloli kaɗan. Ana cin ƙwayar, a daka ganyen a shanya a yi gabu. Manoma ne da kansu suka yi ta zaɓen iri shekara da shekaru, suna ajiye wadda ta fi kyau, suna zubar da wadda ke saurin ruɓa. Bayan samun ƴancin kai, masu binciken noma na tashar Tarna kusa da Maraɗi suka ɗauki wannan iri, suka tace shi, suka sa masa suna da Faransanci Violet de Galmi, wato ja ta Galmi. Su suka rubuta sunan, amma aikin na manoma ne.

Me ya sa ake sonta? Tana da yaji. Tana kama miya, kaɗan ta isa tukunya. Kuma tana jure ajiya da doguwar tafiya fiye da wasu. Wannan na ƙarshe shi ne babban sirrinta. Albasar da za ta yi kwanaki cikin mota kafin ta kai bakin teku, dole ta zama mai ƙarfin jiki. Da aka sami kwalta, manyan motoci suka fara tsayawa Galmi suna lodi. Dillalai suka yawaita, da ƴan dako, da masu ɗinkin buhu, da masu shayi. Har albasar da aka noma a Tsarnawa, da Gidan Idar, da Madawa, da Tamaske, duk da sunan Galmi ake sayar da ita a waje. Yau Nijar tana noma albasa fiye da tan miliyan 1 a shekara, kuma ba ƙasar da ta kai ta fitar da albasa a Afirka ta Yamma. Jihar Tawa ce kan gaba.

Fari ma ya taimaka wajen tura mutane garka. An sha wuya a 1973 da 1974, bisashe suka mutu, rumbuna suka bushe. A 1978 gwamnati ta kafa ma'aikatar ONAHA mai kula da filayen ban ruwa. Aka gyara babban fili a Ƙonni, fiye da hekta 2,400, wanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango. A farkon shekarun 1980 aka yi ma Galmi tata madatsa, da taimakon ƙasar Jamus, aka gyara fili kamar hekta 250 aka raba ma manoma. Ga wanda bai sani ba, hekta guda fili ne mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. Da fari ya komo a 1984, Shugaba Seyni Kunce ya yi kira ga ƙasa duka a kama noman rani. Mutanen Galmi ba su bukaci a koya musu ba. Daga baya injin ban ruwa ya yi araha, ana shigo da shi daga Najeriya tare da mai. Wanda a da yake shayar da ƴan fangaloli da guga, yanzu yana shayar da garka sukutum.

Yanzu mu zo ga lissafin mutane, don nan zancen yake.

An ƙidaya mutanen Nijar a 1977, aka sami miliyan 5 da ɗoriya. A 1988 aka sami miliyan 7 da ɗoriya. A 2001 miliyan 11. A 2012 miliyan 17. A wannan ƙidaya ta 2012, gundumar Ƙonni tana da mutum 312,886. Gundumar Illela tana da 336,621. Gundumar Malbaza tana da 232,407, kuma a cikinsu 117,975 suna ƙaramar hukumar Dogarawa. Galmi ita kaɗai ta haura mutum 13,000. Wurin da ake ce ma ƙauye ke nan. Kuma jariran da aka ƙidaya a goye a wannan shekara, yanzu sun isa riƙe tiyon ban ruwa.

Masu lissafi sun ce tsakanin 2001 da 2012, duk mutum 100 na ƙasar nan suna ƙaruwa da kusan mutum 4 a shekara. Abin kamar kaɗan ne. Amma in aka tafi haka, cikin shekara 18 gari yana ninka kansa. Inda ake da baki 10, sai a sami 20. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne. Dalilinsa guda shi ne yara sun rage mutuwa. Ƙyanda da a da take share unguwa, allura ta karya ƙarfinta. Agana ta ɓace daga duniya. Wa zai ƙi wannan? Sai dai mu tambayi kanmu: fadamar ta ninka? Ruwan madatsa ya ninka?

Ga misali, kowa ya gwada da gidansu. A ce wani tsoho ya bar gona hekta 8 da garka guda. Magadansa suka raba, kowane gida ya sami kamar hekta 2. Su ma suka tsufa, ƴaƴansu suka raba. Yanzu kowa yana da rabin hekta. Rabin hekta na hatsi ba ya kai gida ko wata 3, ko da damina ta yi kyau. Garkar kuwa an yanka ta har ta koma fangaloli. Jikan ba rago ba ne. Ya fi kakansa aiki, ya fi shi sanin taki da magani. Ƙasar ce ta yi masa kaɗan. Shi ya sa kuke ganin haya da jingina da sayar da gona sun yawaita. Mai kuɗi yana tara garake, mara kuɗi yana ƙwadago a garkar da ta taɓa zama ta ubansa. Shi ya sa kuma samarin Adar suke tafiya bida, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. A nan Galmi ta yi sa'a. Aikin rani yana riƙe samari da yawa a gida, har ma yana kiran na wasu ƙauyuka su zo dashe da cira.

Makiyayi ma abin ya taɓa shi, kuma ba a cika faɗin nasa ba. A da, in an gama girbi an saki gonaki, fadama ta bisashe ce har faɗuwar ruwa. Su ci kara da harawa, su sha a tabki, su bar taki. Manomi ya ba makiyayi damen hatsi don ya kwana a gonarsa. Yanzu rani ya zama lokacin aiki. Inda shanu ke sauka, albasa ce kore shar. Kara ma an kwashe an ɗaure, sai da kuɗi. Burtali ya tsuke. Saniya ba ta san shinge ba, mai garka kuwa bashi ya ci ya yi dashe. Nan faɗa ke tashi. A ganinmu laifin ba na ɗaya ba ne. Wanda ya shuka bisa burtali ya ci amana, wanda ya saki dabba cikin dare ya ci amana. Kuma albasar nan da ake taƙama da ita, takin bisashe take so fiye da kome.

Akwai wata ƙasa mai nisa da ya kamata mu ji labarinta a nan, don ƙauyukanta sun taɓa bin irin wannan hanya. Sunanta Ayalan. Tsibiri ne a yamma da Ingila, ƙasar ruwa da ciyawa da shanu. Wasunku sun san sunanta ta wajen ƙungiyar Concern, wadda ta fito daga can, ta fara aiki a jihar Tawa a 2003. Mutanen ƙauyukan Ayalan talakawa ne a da, suna noma a ƙasar masu gida suna biyan haya. Suka sami dankalin Turawa, suka ga ɗan fili kaɗan yana ciyar da gida duka. Sai aka yi ta aure da wuri, ana haihuwa, ana yanka fili ana raba ma ƴaƴa. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan 8. Talakawansu dankali ne karin kumallo, dankali ne abincin dare, kuma yawanci iri guda suke shukawa.

A 1845 wata cuta ta faɗa ma dankalin. Ganye ya yi baƙi, ƙwaya ta ruɓe cikin ƙasa. Ta komo shekara bayan shekara. Cikin ƴan shekaru mutum kamar miliyan 1 suka mutu da yunwa da cututtuka. Fiye da miliyan 1 suka shiga jirgin ruwa suka tafi Amurka da Ingila da wasu ƙasashe. Ana cikin wannan hali, ana fitar da hatsi da shanu daga tsibirin zuwa kasuwar Ingila, don talaka ba ya da kuɗin saye. Tafiyar ba ta tsaya ba bayan yunwa. A 1911 mutanen da suka rage ba su kai miliyan 4 da rabi ba. Ƙauyuka suka zama kufai. Har harshensu na gado ya ja baya, Ingilishi ya hau kansa. Yau Ayalan ƙasa ce mai arziki, amma mutanen tsibirin ba su koma yawan da suke a 1841 ba.

Ba mu ce Galmi Ayalan ce ba. Akwai bambanci. Su dankalin suke ci. Mu ba wanda ke tuwon albasa. Sayar da ita ake yi a sayi hatsi da masara da shinkafa. Amma ku duba, wannan yana nufin abu biyu ne za su iya kayar da mai albasa. Na ɗaya cuta ko rashin ruwa a garka. Na biyu hanya. Albasa tana iya yin kyau ƙwarai, mai ita ya kwana da yunwa, in motar da za ta ɗauka ba ta zo ba.

Mun ce ku riƙe zancen iyaka. A 1984, ana tsakiyar fari, Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai 1986. Wuyar da aka sha ta sa mutane suka laƙaba ma wannan yunwa sunan El Buhari. A watan Agusta na 2019 ta sake rufewa, sai Disamba na 2020. A 2023, bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai, ƙasashen CEDEAO suka rufe iyakokinsu da Nijar. Motocin albasa suka tsaya a bakin iyakar Benin, kaya yana ruɓewa a cikinsu. A Akara albasa ta yi tsada, a nan kuma mai ita yana neman mai saye. Ba manomin Galmi ne ya rufe iyaka ba, kuma ba shi zai buɗe ta ba. Abin da ke hannunsa shi ne rumbunsa. Gidan da ya yi watsi da gonar tudu don garka ta fi kawo kuɗi, ya tsaya da ƙafa guda. Mu dai shawararmu, in an sayar da albasa a watan Maris ko Afrilu, a fara cika rumbu da hatsi kafin a je ga babur, kafin a je ga ƙarin aure. Kuma a bar ma garka wani abu ban da albasa: tumatir, kabeji, barkono, alkama, masara, zogale.

Ko ba a rufe iyaka ba, kowa ya san ciwon kaka. Ana zuba iri bayan ɗaukewar ruwa, a dasa da shigowar sanyi, a cire daga Fabrairu zuwa Afrilu. Kowa ya cire lokaci guda, kowa ana binsa bashin mai da taki, kowa yana son sayarwa yau. Dillali ya san haka. Buhun ma sai an ɗora masa hula, a cika shi har ya fi ƙarfin ɗan dako, kuɗin kuwa na buhu guda ne. Wanda ya iya haƙuri ya zuba tasa a rudu, in damina ta yi nisa zai sayar da tsada. Amma rudu yana cin rabonsa. Albasar da aka ɗura ma takin zamani da yawa, aka yi ta shayar da ita har ranar cira, ruwa ne cikinta, ba ta kai ko'ina. A yanke ruwa in wuyanta ya kwanta, a bar ta ta sha iska a inuwa, a ware mai rauni. Manoman da suka haɗu cikin ƙungiya suka yi ma'ajiya guda, sun fi ƙarfin ciniki bisa wanda ke tsaye shi kaɗai a bakin kwalta.

Sai zancen iri, wanda shi ne gadon garin na gaskiya. A 2009 labari ya fito cewa wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi a rubuta masa Violet de Galmi a matsayin nasa, a ofishin OAPI da ke Yawunde, inda ake rajistar irin wannan haƙƙi. Da ya samu, da wata rana an hana jikokin masu irin sayar da irin kakanninsu da sunansa. Ƙungiyoyin manoma suka tashi, gwamnatin Nijar ta ƙi yarda, kamfanin ya sake ma nasa suna. A 2023 ofishin ya ba albasar Galmi takardar shaidar asali, tare da kilishin Nijar. Madalla. Amma takarda ba ta tsare iri a garka. Irin albasa aikin shekara 2 ne. A zaɓi ƙwaya mai kyau, a ajiye ta har ta wuce damina, a sake dasa ta, ta yi fure. Zuma da ƙudaje suna yawo daga fure zuwa fure. In akwai farar albasa ko wata baƙuwa tana fure kusa, iri ya gauraye. Wanda ya sayar da manyan ƙwayoyi ya bar ƙanana da marasa lafiya don iri, da hannunsa yake lalata sunan Galmi. Kuma irin da ya shekara cikin zafi, yawancinsa ba ya tsira.

Ruwan fa? Madatsa tana tsufa kamar mutum. Kowace damina korama tana kawo yashi da laka daga tudu, tana zubawa a cikinta. Wurin da ya kamata ruwa ya zauna, ƙasa ta zauna. Maganin wannan ba a cikin madatsa yake ba, yana bisa tudu. A nan mutanen Illela suna da abin koya ma na Galmi. A 1989 wasu manoman ƙasar Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, cikin wani aiki na FIDA, suka ga yadda ake gyara fako. Suka komo suka kama haƙa tassa. Ɗan rami ne, a zuba masa taki, ruwan sama ya tsaya ciki, a shuka hatsi ko dawa. Suka haɗa da rabin wata da jeren duwatsu. Fakon da ba wanda ke so ya koma gona, har aka fara sayensa da kuɗi a wajen Badagishiri. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya taso, mata suka buɗe garake inda babu su a da. Ruwan da aka tsayar bisa tudu ba ya ɗaukar ƙasa ya kai madatsa. Nutsewa yake yi, ya fito a rijiyar mai garka. Aiki ne mai wuya, da rani ake yinsa, cikin zafin rana. Amma ita ce hanya guda da muka gani da ido wadda ta ƙara ma ƙauye gona ba tare da an ƙwace ta wani ba.

Gari in ya yi yawa, baki ba ya isa shaida. A da kowa ya san iyakar kowa, tsoho guda ya isa ya raba gardama. Yau tsohon ya rasu, magada 30 ne. Tun 1993 ƙasarmu take da dokar karkara, kuma akwai kwamitin filaye da ake kira Kofo, daga gunduma har ƙauye. Wanda ya sayi gona, ko ya karɓi jingina, ko ya ba da aro, ya je a rubuta a gaban maigari da shaidu. Makiyaya su ma su shiga kwamitin, a rubuta burtali da mashaya, a kafa musu alama. Haka nan haihuwa. A rubuta yaro da wuri. In an makara sai an bi ta wurin alƙali, kuma yaron da ba ya da takarda yana shan wuya ranar jarrabawa. In masu ƙidaya suka zo kuwa, kada a ɓoye kowa. Tsoron ya samo asali ne daga zamanin Nasara, lokacin da ake ƙirga kai don haraji da aikin tilas. Amma da wannan lissafi ne ake sanin ajin lakwal nawa gari ke bukata, da famfo nawa, da allura nawa.

Ku kuma da kuka koyi karatu da rubutu, ga aikinku na wannan wata, ko a Galmi kuke ko a wani gari. Ku sami littafi guda. Ku zauna da tsofaffi, maza da mata, don tsofaffin mata sun fi riƙe zancen aure da dangantaka. Ku tambaye su wa ya fara saran dajin, daga ina ya fito, ina rijiyar farko take. Ku rubuta sunayen masu gari bi da bi. Ku rubuta shekarun yunwa da sunan da aka ba kowace, tun daga Kakalaba ta 1913 da 1914. Ku ƙirga gidajen unguwarku, da mutanen kowane gida, da waɗanda suka tafi bida, da inda suke. In tsofaffi biyu suka saɓa, ku rubuta duka biyun, kowa da sunansa. Ku ba malamin yaƙi da jahilci na garinku kwafi ya aiko mana, za mu buga a wannan fili.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu Masalata, kusa da Birnin Ƙonni.